Ranar da Gyaɗa Ta Kira Tarwaɗa

Memphis,
Litinin.

Mama,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa da uwarsa. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan taki da ke sanin ruwa zai sauka kafin mutanen talabijin su sani? Ya Sista Viola da duk mutanen coci? Tunda kunnenki ya yi faɗa da waya, ga ni na ɗauki biro. In kin ga kalma ta karkace ki miƙar da ita da kanki, ke kika yi ta kora ni makaranta ni na ƙi zama.

Mama, jikarki. Ranar Asabar na rufe shagon aski da rana tsaka, na bar Dikin Odom, dattijon cocinmu, da rabin kai, na ce ya sa hula zuwa Litinin, na kama hanyar makarantar su Jalisa. Kin san shekara huɗu ke nan ita ke riƙe da ƙungiyar ƙwallon kwandon nan. Ita ke ɗauko ƙwallo daga baya, ita ke ɗaga hannu ta nuna wasan da za a yi, ita ke raba wa kowa. Koci Varnado ai hutu take, tsayuwa kawai take tana ihu don a ga tana aiki. Yarinyar da kika sa wa Gyaɗa don ƙanƙanta, yau mutum dubbai ke kiran sunanta. Ni kuwa duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji cewa ni na koya mata, a filin bayan coci, da kwandon da na ɗaure da waya.

Saura kaɗan a tashi muna gaba da ci ɗaya, sai wata yarinyar can ɓangaren ta taho da ƙwallo, Mama girmanta kamar firij ɗinki na baranda. Kowa ya kauce. Gyaɗa ta kafa ƙafafunta ta tsaya cak, yadda na koya mata, don in ka tsaya aka bangaje ka laifin na mai bangaza ne. Firij ta yi gaba da ita. Alƙali ya hura usur, ƙwallo tamu, mun ci.

To amma ƙarar da ƙeyarta ta yi a ƙasa. Kin san in kankana ta suɓuce daga bayan mota? Ni ina can sama na ji. Kowa na tsalle ni na kasa tashi. Ta ɗan jima a kwance, sannan ta miƙe ta ɗaga hannu, wuri ya sake kaurewa.

Kar hankalinki ya tashi. Akwai mai kula da lafiyarsu, wata Baturiya mai sunan da ba ya rubutuwa, Mis K muke ce mata. Ta shiga da ita ciki, jiya kuma ta sa ta gwajin nan na kwamfuta da ake yi wa wanda ya bugu a kai. Gyaɗa ta ci. Kan 'yan gidan Pettway ai ba a nan yake fashewa ba, ke shaida ce, da me da me ba ki buga min ba.

Abu ɗaya dai. Da muka fito wajen motoci ta ce Baba ka ci abinci? Na ce na ci. Muka ɗan taka ta ce Baba ka ci abinci? Na ce yarinya yanzu na gaya miki. Da zan shiga mota ta sake tambaya. Na yi dariya na ce so kike ki saya min ne. Gajiya ce ina ga.

Na sayi kwat saboda wasansu na ƙarshe a gida, ranar da iyaye ke rako masu gamawa tsakiyar fili. Ruwan ɗorawa ce Mama, da takalmi kalarta. Daga Mississippi za ki hango ni.

Ki sha maganinki, kar ki ba kare.

Ɗanki mafi kyau, kuma shi kaɗai,
Cleotis


Memphis,
Jumma'a.

Mama,

Barka da war haka. Ina fata kina lafiya, gwiwa ta sassauta. Ni jikina lafiya amma abinci ya ƙi wucewa, kin san kuwa ba ƙaramin abu ke sa haka ba.

Jiya sun yi wasa, na je. Mun ci, bari in fara da wannan. Gyaɗa ta raba ƙwallo, masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi har biyu sun zo, na je na zauna bayansu ina tari don su tambaye ni ko ni wane ne. Sun tambaya. Sun yi nadama.

Mama kin tuna Tarwaɗa? Wasan da na ƙirƙiro wa yaran coci lokacin Gyaɗa ba ta fi tebur tsawo ba. Ta sa yatsu a gefen baki ta kaɗa kamar gashin bakin tarwaɗa, kowa ya ruga dama, ita kuma ta jefa ƙwallo kusurwar hagu inda Tamika 'yar Anti Pearl ke tsaye. Kina zuwa kallo da kujerarki ta naɗewa kina cewa in daina sa wa wasa sunan abinci.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci, ta ɗauko ƙwallo ta tsallako tsakiya, sai na ga ta sa yatsu a baki ta kaɗa. A makarantar nan ba su da wannan alama. Nasu yatsu ne da dunƙule, na san su duka, na fi mataimakan koci saninsu. 'Yan ƙungiyar suka tsaya suna kallonta. Ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba, ta wurga ƙwallo kusurwar hagu da ƙarfi, kyakkyawar jifa, daidai ƙirjin mutum. Ba kowa a wurin Mama. Ƙwallo ta fita ta bugi kujerun masu busa.

Mutane suka ce kash. Koci ta buga ƙafa. Wani a gefena ya ce ko gwani yana kuskure. Ni na san ba kuskure ba ne. Wurin Tamika ta jefa. Tamika da ke Houston da 'ya'ya biyu.

Ta tsaya tana kallon kusurwar kamar wadda aka tasa daga barci, sannan ta ruga baya aka ci gaba. Ni kuwa gumi ya jiƙa min riga a wurin da ake sanyi. Duk filin nan ba wanda ya san abin da ya gani sai ni.

Da aka tashi na tare ta na ce Gyaɗa yau an tuna da tsohon koci ke nan, har da Tarwaɗa. Na faɗa da dariya don in ji me za ta ce. Ta ce wace tarwaɗa? Na ce wadda kika kira. Ta ce Baba ka cika surutu, kaina ciwo yake, ta sa baƙin tabarau ta shige bas. Magariba ta wuce, me ake da tabarau.

A shago yau Dikin Odom ya ce Cleo ba ka ba mu labari ba, ko an ci ku ne. Na ce an ci mu a ina, na zuba musu labari har da ƙari. Amma na yi wa wani yaro hanya a kai inda uwarsa ba ta ce ba.

Sun ce ta ci gwaji. Masu ilimi ne, ni mai aski ne. Ki gaya min tsufa ne ke damuna.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Cleotis


Memphis,
Talata.

Mama,

Na samu takardarki, na gode, ina fata ta bar ki lafiya. Kin rubuta min layi biyu kacal, na farko in je in gan ta da idona, na biyu in tuna Lamont ɗan Sista Viola. Mama ban manta Lamont ba. Ina wurin ranar da aka mayar da shi fili sati ɗaya bayan ya bugu, aka sake buge shi. Duk zuwan da na yi gida ina ganinsa a baranda da tawul a wuya uwarsa na ba shi abinci a baki, mutumin da ya fi ni gudu. Shi kaɗai ne ya taɓa fina gudu. Ba sai kin tuna min ba, tun Alhamis shi nake gani in na rufe ido.

Ranar Lahadi bayan coci na je ban sanar ba. Na kai mata haƙarƙarin da na gasa, wanda kin san mutane ke tsayar da mota saboda ƙamshinsa. Neva ce ta buɗe ƙofa, doguwar nan da suke ɗaki ɗaya. Da ta gan ni sai ta kalli ƙasa. Rana tsaka amma ɗakin duhu, sun rataya bargo a taga. Gyaɗa na kwance da rigar sanyi a fuska, ga bokiti a gefen gado. Ƙamshin naman ya kai mata ta juya ta yi amai.

Na ce to yau an ci mutuncin girkina. Ba wanda ya yi dariya.

Na zauna bakin gado na ce ki gaya min gaskiya, ya aka yi kika ci gwajin nan. Neva ce ta ce Malam Cleo, kowa haka yake yi. Ashe Mama gwajin nan sau biyu ne. Farkon shekara ana sa su su yi suna lafiya lau, a ajiye. In mutum ya bugu a sake sa shi, a gwada da na farko, in ya yi ƙasa a zaunar da shi. To manyan ɗalibai sai su koya wa sababbi dabara. Na farkon ki yi shi a hankali da gangan, ki ɓata amsa nan da can, ki zama kamar ba ki da kai sosai. Ranar da kika bugu ko kanki ya juye za ki kamo wancan. Gyaɗa mai haddace wasa tun kafin koci ta gama zanawa, ta zauna ta mayar da kanta daƙiƙiya don wannan ranar. Mis K ba ta sani ba. Tana kallon lamba tana ganin lafiya.

Na ce za mu je mu gaya mata yanzu. Sai Gyaɗa ta cire rigar daga fuska ta kama hannuna. Ta ce Baba saura wasa ɗaya a gida sai gasar Maris, shi ke nan na gama, ba wata shekara. Ta ce masu farautar nan Asabar za su dawo, in suka ji kai ne ba za su sake kallona ba, ga ni gajera dama. Ta ce wa ya ce min in an buge ni in tashi? Na ce ni. Ta ce to na tashi, me kuma kake so. Ta ce in ka faɗa, Baba, kar ka sake zuwa inda nake.

Na ce mata a'a wa zai faɗa, ni da ba na magana. Ta ɗan yi murmushi, na ja mata bargo na fito. Na zauna a mota na cinye haƙarƙarin duka ban san na ci ba.

Mama ƙungiyar da za su kara da ita Asabar ita ce ta Firij, zagaye na biyu. Kuma na san 'yata. In yarinyar nan ta sake tahowa, Gyaɗa za ta kafa ƙafa. Ba ta iya kaucewa ba, ban koya mata ba.

Tsoro nake ji. Ban taɓa rubuta wannan kalma ba, ban ma san ko daidai na rubuta ta ba.

Ɗanki,
Cleotis


Memphis,
Lahadi.

Mama,

Ina gaisuwa. Ya jiki. Ba zan tsawaita gaisuwa ba yau.

Na faɗa.

Ranar Alhamis na tafi da safe, na zagaya ginin wasan nan har mai gadi ya fara bina da ido. Na shiga, na fito, na sake shiga. Mis K na naɗe wa wata yarinya idon sawu. Ta ce a'a Malam Pettway, yau ba wasa. Na ce na sani, na zo ne in ba ki labari, kuma wannan karon gaskiya ne. Ta sallami yarinyar ta rufe ƙofa.

Na fara da Tarwaɗa, har na sa yatsu a baki na nuna mata, ƙato da ni. Na gaya mata bargo a taga da bokiti. Da na zo kan gwajin sai fuskarta ta yi fari fiye da yadda take. Ta ce su nawa ke yin haka? Na ce ni 'yata na kawo, sauran ki tambayi iyayensu. Na roƙe ta kar ta ce ni ne. Ta ce Malam Pettway, a duniyar nan mutum nawa suka san Tarwaɗa?

Kafin la'asar sun kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya sa ta tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe, yarinyar da ke juyi da ƙwallo tsakanin mutum uku, ta tafi luu sai da aka tare ta. Ya ce ba wasa, ba gudu, ba karatu a kwamfuta, sai ya gani. Koci Varnado ta kira ni ta ce na yi daidai. Ban ji daɗin jin haka ba ko kaɗan.

Jiya aka yi bikin. Na yi ta tunanin ko in zauna a gida, sai na ce in aka kira sunanta ta fito ita kaɗai fa, uwarta tana can California ba ta zo ba. Na sa kwat ɗin. Mama a madubin shago ta fi haka kyau. Na tsaya a bakin fili da furanni kamar ƙwai da aka fasa.

Ta zo da kayan gida da tabarau, an sa mata auduga a kunne saboda hayaniya. Ba ta kalle ni ba. Da aka kira Jalisa Pettway mutane suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Ta saƙala hannunta a nawa don haka ake yi, muka taka. Tana murmushi tana ɗaga wa mutane hannu, ta cikin haƙora ta ce kar ka yi min magana. Na ce to. Ta ce ka kashe ni kana tsaye da kayan rawa. Farcenta na cikin hannuna, har yanzu ga shaidar. Aka ɗauki hoto. Za ki gani, duk muna dariya.

Suka sa wata ƙaramar 'yar aji ɗaya a wurinta. Ta yi ƙoƙari. An ci mu. Firij ta taho sau da yawa ba wanda ya tsaya mata, duk tahowar da ta yi sai in kalli Gyaɗa a benci in tabbatar tana zaune. Masu farautar sun tafi tun kafin rabin lokaci. Wannan karon ban yi tari ba.

Na tambayi likitan, da ta yi wasan me zai faru? Ya ce wataƙila ba komai, wataƙila kuma komai, ba wanda zai gaya maka. To ni da wannan zan zauna. In ba komai ne, na ƙwace wa 'yata abin da ta yi wa wahala tun tana ƙarama. Ina kiranta ba ta ɗauka. Neva ta ce har yanzu haske na damunta. Ba na barci Mama, ina jin tsoron ta tashi wata safiya ba ta san ni ba, ina kuma jin tsoron ta san ni sarai.

Ki gaida Sista Viola. Ki ce ina gaida Lamont.

Cleotis


Memphis,
Afrilu, ban san kwanan watan ba.

Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da kare da gwiwa. Kin ce na yi shiru. Ba abin faɗa ne, ni kuma kin san in ba abin faɗa ƙirƙira nake, ke kuwa ba a yi miki.

Gasar Maris wasa ɗaya suka yi aka koro su. Manyan ƙungiyoyi sun yi zaɓen sababbin 'yan wasa, ba a kira sunanta ba. Na kalla a shago ni kaɗai na rage murya. Akwai wata ƙungiya a ƙetare da ta tambayi Koci labarinta, amma ba tabbas, kar ki gaya wa 'yan coci tukuna. Ni ma ban gaya wa kowa ba sai mutum shida.

Shekaranjiya ina cikin aske Dikin Odom aka turo ƙofa. Ita ce. Ba tabarau. Ta rame kaɗan. Dikin ya tashi da kumfa a haɓa ya ce ya tuna yana da taro, ƙaryar da ta fi tawa muni. Ta zauna a kujerar ta ce a gyara min ƙeya. Ba Baba ba komai. Na yafa mata ƙyalle. Hannuna ya kai wurin da ya bugu na tsaya, ta ce ba ya ciwo, yi aikinka.

Can ta ce Mis K ta nuna min hoton wasan nan. Ta ce na kalla ya fi sau goma, ga ni ina kaɗa yatsu, ga ni ina jifa, amma ban tuna ba, ko kaɗan, kamar wata ce ta sa rigata. Ta ce duk rabin wasan nan babu shi a kaina. Na ci gaba da aski don in na buɗe baki zan ɓata.

Ta ce ban yafe maka ba tukuna. Na ce ban tambaya ba. Ta ce kuma kwat ɗin nan ka ƙona ta. Na ce yarinya mata uku sun nemi lambata ranar bikin. Ta ce don su kai ka asibiti ne.

Mama tun ranar da ta ce wace tarwaɗa akwai tambayar da ke cina, ina tsoron yin ta. Na kashe kilifa na ce Gyaɗa, in aka kira Tarwaɗa, wa ke tsayawa a kusurwa? Ta kalle ni ta madubi. Sai ta ce Tamika mana, kuma tunda kake sa ta a wurin ba ta taɓa jefawa ta shiga ba, wasan banza ne Baba, don Anti Pearl na kawo mana kek ne kawai kake ba ta ƙwallo.

Gaskiya ta faɗa. Ban san ta gane ba tun lokacin.

Na shiga bayan shago wai neman hoda, na daɗe ban same ta ba.

Za mu zo ranar Asabar ta sama, ita za ta tuƙa, likita ya yarda. Ta ce ki soya kifi. Ta ce kuma za ta tsallaka ta gaida Lamont, in kin ga ba damuwa ki sanar da Sista Viola.

Ɗanki, wanda har gobe ba a yi mai aski kamarsa ba a Tennessee,
Cleotis